Yatsun Takwara

Duk wanda ya shigo shagonmu sai ya yabi yayana. Wai uba ke nan, wayayye, mai son 'ya mace ta ci gaba. Ni kuwa ina tsaye a kan injin fotokwafi ina jin yabon nan, raina na tafasa, bakina a rufe.

Shagon buga takardu ne, ɗaki ɗaya a bakin titi daura da ƙofar kwaleji. Kwamfuta biyu ne a ciki, da firinta mai taune takarda duk sanda ta ga dama, da bencin masu jira, da injin da nake tsaye a kansa tun safe har yamma. A gidan Yaya nake zaune, a shagonsa nake ci. Wannan shi ne uzurina, kuma na san ba wani uzurin kirki ba ne.

'Yarsa ta biyu sunana aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Takwara, har uban. Shekararta goma sha uku, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. A farkon zangon nan aka kawo musu sabuwar malamar kwamfuta, ta buɗe kulob na 'yan mata zalla, Talata da Alhamis bayan an tashi. Kwamfuta goma sha biyu ke aiki a ɗakin, don haka yara goma sha biyu aka ɗauka, saura suna jiran wata ta fita. Takwara da bakinta ta gaya mini ba son kwamfuta ya kai ta ba. Ƙawarta ce ta rubuta sunanta, kuma ɗakin yana da fanka.

Sati biyu kacal yarinya ta canza. Wata Alhamis ta faɗo ɗakina ko takalmi ba ta cire ba.

"Gwaggo, kin san me Malama ta yi? Ba ta ba mu hadda ba fa. Cewa ta yi kowa ta faɗi abin da ya fi ba ta haushi a aji."

"Ke me kika ce?"

"Shara mana! Monita ce ke rubuta masu shara, kuma tun da aka dawo hutu ƙawayenta ba su taɓa tsintsiya ba. Sai Malama ta ce to mu koya wa kwamfuta ta raba sharar, tunda ita ba ta da ƙawa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa da gaske take. Su uku aka haɗa a kan aikin, za su rubuta wa kwamfuta umarni layi-layi, ta ɗauki sunayen 'yan aji ta juya su, kowa ya yi shara daidai da kowa. A ƙarshen zango za a kira iyaye su gani, sannan a liƙa jadawalin a ƙofar aji. Wannan takardar guda ɗaya ita ce burin Takwara a duniya.

"Kuma Gwaggo, Malama ta ce ita ma da aka fara koya mata sai da ta yi kuka. Malama guda fa! Ta ce in abu ya ƙi, ba ke ce daƙiƙiya ba, wani layi ne ya karkace, ki nemo shi."

Ta samo murfin kwali a shago ta zana madannan kwamfuta a kai, harafi-harafi. Tana jiran ruwa ya tafasa tana bugun kwali, tana tsaron shanya tana bugun kwali. Uwarta har tsokanarta take yi wai a kai ta a duba ta.

Ran wata Asabar ta kawo mana abinci shago. Matar da ke mana bugu, wata mai 'ya'ya uku, ta fita salla, kujerarta ba kowa. Takwara ta zauna wai ta nuna mini abin da ta iya. Ta jawo wata wasiƙa da ke kan tebur ta fara bugawa, idonta a kan takarda, ko sau ɗaya ba ta kalli yatsunta ba. Daɗi ya kama ni. Na leƙa waje na ƙwala wa Yaya kira.

"Yaya, zo ka ga ikon Allah!"

Ya shigo ya tsaya a bayanta, hannu a ƙugu. Na zaci fuskarta zai kalla, don yarinya sai ƙyalli take yi. Agogonsa ya kalla. Da ta gama ya ɗauki takardar ya duba sama da ƙasa, ya ce ta ƙara buga wata. Ta buga da murna, a tsammaninta yabo ne.

Sati bai zagayo ba ya ce wa mai bugunmu kasuwa ta yi sanyi, ta ɗan huta sai an neme ta. Matar ta naɗe dardumarta, ta ɗauki kofinta, ta yi mini sallama ba ta kalle ni ba. Har yau ba a neme ta ba.

Da Asabar kaɗai aka fara. Sai aka ƙara ranakun da ba kulob, daga makaranta ta wuce shago da kayan makaranta a jikinta. Sai lokacin kundin 'yan kwaleji ya kama, ɗalibai suka cika benci, kowa da damin rubutun hannu kamar tonon kaza, kowa gobe zai miƙa. Wata Talata da safe Yaya ya ce, yana ɗaura agogo:

"Yau in an tashi ki zo kai tsaye."

"Baba, yau akwai kulob."

"Me ake yi a kulob ɗin?"

"Kwamfuta."

"To me kike yi a shago? Faskare? Can ku uku kuke turereniya a kan abu ɗaya, nan ga taki ke kaɗai. Yau ɗaya ce."

Yau ɗayan nan ita ta haifi Alhamis, Alhamis ta haifi wata Talatar.

Ni dai ban iya kwamfuta ba, amma ina da ido. Abin da take yi a kulob ita ke gaya wa na'ura abin da za ta yi. Abin da take yi a shago kwafe maganar wasu ne, awa huɗu a kan kujerar ƙarfe da ta fi ta tsayi, ƙafafunta na lilo, ɗalibi na tsaye a kanta yana hura mata numfashi yana cewa ta yi sauri. Yaya kuwa in baƙo ya shigo sai ya nuna ta da baki.

"'Yata ce. Wasu hana 'ya'yansu mata taɓa kwamfuta suke yi. Ni kuwa na ce a'a, zamani ya canza."

Baƙo ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Takwara ta ce amin ba ta ɗago ba.

Da farko ba ta karaya ba, dabara ta nema. Ta lura masu neman aiki duk wasiƙa ɗaya suke kawowa, suna da adireshi ne kawai ke bambanta. Ta zauna ta haɗa wani abu wanda sai dai ta sa suna, wasiƙa ta fito da kanta. Ta raɗa mini: "Gwaggo, in na gama da wuri zai bar ni in je ko rabin awa ne." Ranar Alhamis kafin la'asar ta share teburinta tas, ta miƙe ta ɗauki jaka. Yaya ya duba aikin, ya jinjina kai, ya fita. Minti goma ya dawo da damin takardu daga shagon maƙwabcinmu wanda aiki ya yi wa yawa.

"Tunda hannunki na da sauri," in ji shi, "mu taimaki maƙwabci."

Ta ajiye jakar a hankali. Tun daga ranar ban sake ganin ta haɗa wata dabara ba.

Tana da wa, ɗan shekara goma sha shida, katon gaske. Shi ma an taɓa zaunar da shi a kujerar nan. Da yatsa ɗaya yake bugu, yana neman harafi kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi, layi ɗaya kuskure biyar. Kwana biyu Yaya ya kore shi wai yana ɓata masa takarda. Kullum da yamma muna ganinsa ya wuce ta gaban shago da takalmin ƙwallo a wuya, har da ɗaga mana hannu. Rashin iyawarsa ne ya 'yanta shi, kuma Takwara tana gani.

Sai wuyan hannunta na dama ya fara ciwo. Da farko yarfe shi take yi tsakanin shafi da shafi, daga baya kofin ruwa ya suɓuce mata a tsakar gida. Idanunta suka yi ja, kai na sara. Aikin gida na makaranta sai da safe take zana shi a tsaye. Na samu uwarta tana wanke-wanke, na ce ko za ta yi wa Yaya magana.

"Me zan ce masa? A gaban ubanta take, ba yawo ta tafi ba."

"Hannunta fa ya kumbura."

"Na shafa mata man zafi. Mu da muka taso muna daka ba mu mutu ba, sai danne-danne a inuwa? Ke da kike shagon me ya hana ki faɗa masa?"

Ba wai ban taɓa faɗa ba. Na gwada sau ɗaya, muna rufe shago, na ce Yaya yarinyar nan ta gaji. Ya juya makulli, ya ce, "Wanda ya ga aikin shagon nan ya yi yawa, ƙofa a buɗe take." Bai kalle ni ba, amma na san da wa yake.

A sati na huɗu ƙawayenta biyu suka biyo ta shago, Yaya ya je sayo tawadar firinta. Suka tsaya a bakin ƙofa suna raɓe-raɓe, ɗaya riƙe da littafi.

"Takwara, abin ya ƙi. Sunan mutum ɗaya yake maimaitawa sau biyu a sati, wata kuma ba ta fitowa sam. Malama ta ce mu nemo da kanmu. Mun yi mun yi."

Ta fizge littafin. Wallahi na ga yarinyar da na sani ta dawo cikin fuskar nan. Ta bi layukan da yatsa, leɓenta na motsi, ta koma sama, ta sake saukowa, sai ta buga tebur.

"Ga shi! Ba ku ce masa ya cire sunan da ya riga ya ɗauka ba. Shi ai bai san ya ɗauka ba sai an gaya masa. Ku ba ni biro."

Ba ta kai ga rubuta layi na biyu ba Yaya ya shigo. Ya kalli ɗalibin da ke jira a benci, ya kalli yaran.

"Nan wurin aiki ne, ba dandalin hira ba. Ku gaida gida."

Suka fita sumui-sumui. Biron ma a hannunta suka bar shi. Ta juya ga kundin wani, babi na uku, ta ci gaba, hawaye na ɗiga a kan siket ɗinta, yatsunta ba su tsaya ba.

Malamar da kanta ta zo ranar Litinin. 'Yar siririya ce, da jakar baya irin ta ɗalibai, ƙurar alli a hannun rigarta. Yaya ya tare ta da fara'a, ya share mata benci, ya aika a kawo ruwan sanyi. Ta gode ba ta sha ba.

"Baban Takwara, sati biyar ke nan ina riƙe mata kujera. Yarinyar nan tana da kai. Ba saurin bugu nake nufi ba, tunani. Awa biyu nake roƙo, sau biyu a sati."

"Malama, Allah ya saka. Ai ke kika dasa, mu muke ban ruwa. Dubi yadda take yi yanzu."

"Wannan bugu ne. Abin da muke yi daban ne."

"Kwamfuta dai sunanta kwamfuta," in ji shi yana murmushi. "Can wasan shara ake koya mata, nan sana'a. Kuma ni a gabana nake son ganin 'yata in an tashi. Ko laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Amma a tambaye ta."

Ya juya. "Ke, ina kika fi so?"

Takwara ta kalli malamarta, ta kalli ubanta, sannan ta kalle ni. Ni na san me idon nan ke nema. Na sunkuya na buɗe cikin injin fotokwafi wai takarda ta maƙale, alhali ba abin da ya maƙale.

"Duk inda Baba ya ce," in ji ta.

Malamar ta juya ga Yaya. Ta ce akwai yara goma sha tara da ke jiran kujera, shugaban makaranta ya matsa mata, ba za ta iya ci gaba da barin kwamfuta a rufe ba. In dai yarinya ta fita, sai an ba ta a rubuce. Ina jin ta faɗi haka ne don ya ji nauyi ya janye. Ba ta san Yaya ba.

"Wannan ai mai sauƙi ne, a gidan takarda kike. Takwara, buɗe sabon shafi."

Ya tsaya a bayanta ya shiga faɗa, ita tana bugawa. Zuwa ga shugaban makaranta. Bayan gaisuwa mai yawa. Ina sanar da ku cewa na bar kulob na kwamfuta bisa raɗin kaina, saboda ba ni da sha'awar ci gaba. Da aka zo kan "ba ni da sha'awa" yatsunta suka tsaya a sama. Ya maimaita mata a hankali, kamar bai san ta ji ba. Ta buga. Firintar da ke taune takardar kowa, ranar lafiya lau ta fito da ita. Takwara ta sa hannu da hannun nan mai ciwo, shi ma ya sa, ya ɗaga takardar yana nuna wa Malama.

"Kin gani? Ko kuskure ɗaya babu."

Sannan ya miƙo mini ya ce in yi kwafi ɗaya na ajiya. Na karɓa, na ɗora, na danna. Da hannuna.

A bakin ƙofa malamar ta waiwayo ta ce, "Takwara, gyaran da kika yi musu ya yi aiki. Na so ki sani." Takwara ta ce to, Malama, ba ta juyo ba.

Ranar da aka kira iyaye ba wanda ya je daga gidanmu. A kan kujerar ƙarfe ta wuni, tana buga godiyar wani ɗalibi ga iyayensa da suka tsaya masa.

Ina jin masu ilmi a rediyo suna ta tambaya, wai me zai sa yara mata su so kwamfuta. Ni da ban yi nisa a karatu ba na ga amsar da idona, kuma ba ta da wuya: malama ɗaya da ba ta raina tambaya, ƙawaye biyu, da wata 'yar matsala tasu ta kansu da aka ce su warware. Yarinyata ta samu duka ukun. Ba ƙin kwamfuta ta yi ba, ba kuma hana ta aka yi ba, da hana ta aka yi da ma na san sunan abin. Son nata aka kama aka ɗaure a ƙafar tebur. Uban ya ce sana'a ce, uwar ta ce inuwa ce, ni na ce ba ni da inda zan je. Kowa da hujjarsa mai kyau, kuma ba ɗayanmu da wuyan hannunsa ya kumbura.

Asabar ɗin da ta wuce uwarsu ta je asibiti dubiya, ta bar mana Auta, ƙanwar Takwara, a shago, 'yar shekara takwas. Yaya ya fita kai wa wani aiki. Ina ɗinke wani kundi, sai na ga Auta ta haye kujera ta biyu, ta baje 'yan yatsunta a kan madannai, tana satar kallon hannun yayarta tana kwaikwayo. Kuma daidai ta ɗora su, kowane yatsa a gidansa.

"Yaya Takwara, dubi! Haka ake yi ko? Koya mini."

Takwara ta kai wa hannun duka, tas, har sai da na zabura. Ba ta taɓa dukan yarinyar nan ba. Auta ta ɓare baki. Takwara ta leƙa titi hagu da dama, ta dawo ta durƙusa a gabanta, ta riƙe hannun da ta doka tana murzawa.

"Yi shiru ki ji. In kin girma aka ce wa ke son kwamfuta a makaranta, ki je. Ki koyi komai. Amma a gida ba ki iya ba, kin ji ko? Ko Baba ya zaunar da ke, da yatsa ɗaya za ki buga, ki yi ta kuskure. Faɗi in ji."

"Ban iya ba," in ji Auta cikin shessheƙa.

"Ƙara faɗa."

"Ban iya ba."

"Yawwa."

Ta sauke ta daga kujerar, ta kashe kwamfuta ta biyu, ta ja ƙyalle ta rufe madannan. Sannan ta yarfe hannunta, ta koma mazauninta, ta nemo layin da ta tsaya.